Malam Buɗe Littafin da Matansa ke Shigar Burtu

Ku duba waɗannan malam buɗe littafi biyun da ke kan allo. Na hagu launin madara ne mai ɗan rawaya, da baƙin baki a gefen fukafukansa, ga kuma wutsiya biyu a bayansa kamar ta tsattsewa. Na dama baƙi ne mai manyan fararen ɗigo, ba shi da wutsiya ko ɗaya. Kowa zai rantse jinsi biyu ne. To, miji da mata ne.

Sunansa a kimiyyance Papilio dardanus, kuma yana zaune a dazuzzukan Afirka kudu da Sahara, har da kurmin kudancin Najeriya. Idan ya buɗe fukafukai faɗinsa yakan kai wajen santimita 10. Namijin ba ya ba da wahala. Daga Gana har Mozambik kusan kamanninsa ɗaya, abin da ke bambanta shi ne kaurin baƙin layin da ke fiffiken baya. Matan ne suka rikita masana, har aka riƙa ba su sunaye daban-daban a matsayin wasu jinsuna, sai a 1869 Roland Trimen, wanda ke aiki a Afirka ta Kudu, ya nuna cewa duk 'yan gida ɗaya ne.

Me ya kawo wannan shigar burtu? Tsuntsaye. Akwai wasu jinsunan malam buɗe littafi da tsutsarsu ke cin ganye mai guba, gubar ta zauna a jikinsu har su girma. Tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ɗaya ba ya ƙara kusantar mai irin launinsa. Ita kuwa macen dardanus daɗi gare ta, tsutsarta ganyen lemu da danginsa take ci. Don haka sai ta ari rigar mai ɗaci.

Kuma rigar da za ta ara ta dogara da wanda ke unguwar. A Afirka ta Yamma kusan duk matan baƙi da fari ne, suna kwaikwayon wani malam buɗe littafi mai guba, Amauris niavius. Wannan siffa ita ake kira hippocoon. Can gabas da kudancin nahiyar abin ya fi armashi. Za ka ga cenea, baƙa mai ɗigo-ɗigo da faci mai launin ƙasa-ƙasa, ga kuma trophonius mai ruwan goro, wadda ke kwaikwayon Danaus chrysippus. Wannan na ƙarshe kun san shi ko ba ku san sunansa ba: shi ne mai ruwan goron nan da ke shawagi kan tumfafiya a bayan gari, domin tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsibirai. A Madagaska da Komoros macen ba ta kwaikwayon kowa, kamar mijinta take, wutsiya da komai. A Habasha ma yawancinsu haka suke, 'yan kaɗan ne ke sa launin masu guba, amma ba su yar da wutsiyar ba. Kamar ɓarawon da ya sa rawani ya manta takalminsa. Tun daga shekarun 1950 masana kimiyya Cyril Clarke da Philip Sheppard suka yi ta haɗa dardanus aure a Ingila, suka gano cewa wuri guda a cikin ƙwayoyin gado ne ke zaɓa wa mace rigarta.

To, ya za ka bambance ta da mai gubar na gaske? Manta da launi, ƙirga ƙafafu. Dardanus da ƙafa shida take sauka kan fure. Amauris da Danaus kuwa da huɗu suke tsayawa, na gaban biyu sun ƙanƙance sun manne a ƙirji. Sannan duba yadda take shan ruwan fure: dangin Papilio ba sa daina kaɗa fukafukai ko suna sha.

Idan kuwa a Kano ko Maraɗi ka ga baƙi mai ɗigon rawaya yana kewaya bishiyar lemu, da alamar ido a fiffiken baya, ba wutsiya, wannan ɗan'uwan dardanus ne, Papilio demodocus, wanda tsutsarsa ke cinye wa masu lambu tohon lemu.