Ka danna dif-lok ya ƙi kamawa? Dakata kafin ka kwance aksul

Tayar baya ɗaya ta faɗa taɓo tana ta juyi tana watsa laka, ɗayar kuma tana kan busasshiyar ƙasa ta yi tsit. Ka miƙa hannu ka danna maɓallin dif-lok, wato abin da ke kulle tayoyin baya su juya tare, wutar nan ta dashbod ta hau ƙiftawa, ta ƙi tsayawa. Mota tana nan inda take.

Yawancin masu a-kori-kura da wannan ya sama, tunaninsu na farko shi ne wani abu ya karye a cikin aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu. Sau da yawa kuwa ciki lafiyarsa lau, matsalar tana waje, inda hannu ke kaiwa ba tare da an zubar da mai ba.

Ga abin da ke faruwa a cikin wannan tulun ƙarfe na tsakiyar aksul, wato difarenshiyal. Aikin difarenshiyal shi ne ya bar tayoyin baya su yi gudu daban-daban, domin a kwana tayar waje ta fi ta ciki tafiya mai nisa. Illarsa ita ce idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa, duk juyin can yake tafiya. Dif-lok wani zobe ne mai haƙora da ake turawa ya shige cikin wasu haƙoran, ya ɗaure ɓangarorin biyu su zama tamkar sanda ɗaya. Abin da ke tura zoben ya bambanta: wasu motocin ƙaramin moto ne na lantarki, wasu kwayil ne mai maganaɗisu, wasu kuma iska ce daga kwamfuresa.

Fara da kallon wutar. Idan ta kama ta tsaya, ya kulle. Idan tana ƙiftawa, mota ta ji umarninka, amma ko dai ta ƙi, ko kuma ta gwada ba ta sami tabbacin ya shiga ba. Idan ko kaɗan ba ta kawo ba, to zancen fis ne, ko maɓallin, ko wayarsa.

Mota tana ƙi ne saboda tana da sharuɗɗa. A yawancin motocin Toyota masu wannan maɓalli, sai kana cikin 4L, wato ƙaramar giya mai jan tayoyi huɗu, kuma gudunka bai kai kilomita 8 a awa ba. Ford F-150 ta fi sassauci, amma ita ma a 2H ko 4H, wato babbar giya mai jan taya biyu ko huɗu, tana sakin dif-lok ɗin da kanta idan ka wuce kilomita 40 a awa. Kowace da nata, yana rubuce a littafin motar. Sannan mota ba ta ganin hannunka a kan giya. Wani ɗan makunni ne a jikin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya yake shaida wa kwamfuta cewa an shiga 4L. Ya mutu, to ko ka shiga, a wurinta ba ka shiga ba. Haka idan wutar ABS, wato tsarin da ke hana birki cije taya, tana kunne tun da farko: daga sensar tayoyi kwamfuta take sanin gudu, kuma motoci da yawa ba sa yarda su kulle idan lissafin nan ya rikice. A sa na'ura a karanta lambar matsalar.

Idan motarka Chevrolet ce ko GMC mai irin dif-lok ɗin da ake kira G80, babu ma maɓallin da za ka danna. Da kansa yake kamawa idan taya ɗaya ta zarce ɗayar da zagaye ɗari da wani abu a minti, kuma a ƙaramin gudu kawai.

To, sharuɗɗa sun cika, wuta tana ta ƙiftawa. Kada ka taka totur. Haƙoran nan sai sun yi daidai da ramukansu suke shiga, kuma idan mota tana tsaye cak, mai yiwuwa kan haƙori ne ya hau kan haƙori. Sami fili mai yashi ko tsakuwa, ka bar motar ta gangara a hankali kamar tafiyar ƙafa, kana karkata sitiyari hagu da dama. Wannan karkatawar ita ke sa tayoyin biyu su ɗan saɓa gudu har haƙoran su haɗu. Sau tari za ka ji ƙas daga baya, wuta ta tsaya. Ni a ganina, kaso mai tsoka na dif-lok ɗin da ake cewa ya lalace a nan maganarsu ke ƙarewa.

Idan bai kama ba, sai a koma ga kunne. Kunna makullin mota, ka sa wani ya danna maɓallin, kai kuma ka durƙusa kusa da tayar baya, bayan an ja birkin hannu. Mai moto za ka ji ɗan gurnani na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Mai iska za ka ji kwamfuresa ta tashi ta tsaya. Idan ta yi ta tashi ba hutu, iska na zurarewa, sai ka bi tiyon da ruwan sabulu ka ga inda zai yi kumfa. Shiru kuwa, duba fis da rile, wato makunnin da ke sakar wa na'urar wuta, tukuna.

Yanzu ka dubi soket ɗin wayar da ke jikin aksul. Nan ne wurin da ya fi ko'ina shan wahala, ruwa da laka da duwatsu duk a kansa suke ƙarewa. Cire shi ka haska. Ka ga kore-kore ya bi ƙarafan ciki? Shi kaɗai ya isa ya hana wuta wucewa. Wanke shi, ka busar, ka bi wayar da yatsa har zuwa jikin mota, musamman inda take lanƙwasa duk lokacin da aksul ya yi sama da ƙasa, don waya takan tsinke a ciki roba na nan garau. Sa mitar auna wuta a soket ɗin, a danna maɓalli. Idan ka ga wajen volt 12 na isowa amma ba motsi, laifin na'urar turawar ne. Idan ba ta isowa, koma baya ka nemi inda ta tsaya.

A kan mai moto zan ɗan daɗe. Yana da siririn tiyo na shan iska, kuma idan ya tsage ko ya zare, kowane ƙetare ruwa sai ya ɗan sha. Maɓallin kuma irin wanda ake shekara ba a taɓa ba ne. Ranar da ka buɗe murfin moton sai ka tarar giris ya daskare ya koma kamar busasshiyar laka, tsatsa ta ci maganaɗisun. Sau da yawa wankewa da sabon giris suna tashinsa. Amma ka yi alama a inda giyarsa take kafin ka zare, domin idan ka mayar da shi a karkace, zai juya bai kai zoben inda ya kamata ba.

Akwai kuma lokacin da wutar ce ke ƙarya. Tare tayoyin gaba da katako, ɗaga bayan motar duka biyu, ka sa ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashi, kada ka dogara da jak kaɗai. Sa giya a firi, danna maɓallin, ka juya taya ɗaya da hannu. Idan bayan ɗan juyi ta cije, ko ɗayar ta bi ta gefe guda ba saɓani, ya kulle ke nan, ɗan makunnin da ke ba da rahoto ne ya mutu, kuma daga waje ake sauya shi.

Sai duk wannan ya wuce ake zubar da man aksul. Dubi maganaɗisun da ke kan notin zubarwa. Laushin baƙin gari ba komai ba ne. Amma idan ka ga ɓarɓashin ƙarfe da za ka iya ɗauka da farce, haƙora sun gutsure, galibi saboda an danna maɓallin taya tana tsakar juyi da ƙarfi, ko an yi ta kwana a kan kwalta da shi a kulle. Wannan kam sai an sauke difarenshiyal ɗin, kuma a kai wa bakaniken da ke da ma'aunin saita giya, don idan aka mayar ba a kan saiti ba, aksul ɗin zai fara kuka.