Yadda Ake Sake Tsara Kod Mai Loda Taswirar Tayil Ba Tare da An Ɓata Gem Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Gaisuwa ta musamman ga matasanmu da ke koyon haɗa gem a Agege da Idi-Araba, da masu sammakon zuwa Yaba wurin aiki. Yau fanshin guda ɗaya, wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi aiki, za mu kwance: wanda ke loda taswirar tayil a cikin editan gem. Tayil su ne ƙananan hotunan da ake jerawa a gina filin gem.

Ku dubi allo. Wannan fanshin shi ke buɗe fayil, shi ke karanta XML, wato tsarin rubutun da ke cikin fayil ɗin, shi ke warware matsi, shi ke ɗauko hotuna, kuma shi ke zana su. Yana aiki kuwa, babu wanda ya ce ba ya aiki. Sai ranar da aka ce a ƙara masa karanta JSON, wani tsarin rubuta bayanai na daban, a nan za ka ga kowa ya sunkuyar da kai, domin duk inda ka taɓa sai wani wuri ya balle.

Fayil ɗin da muke magana a kai shi ne TMX, na manhajar Tiled wadda Thorbjørn Lindeijer ke jagoranta. A cikinsa akwai faɗin taswira da tsawonta, da jerin tarin tayil, sannan shimfiɗu, wato hawa-hawan tayil da ake ɗorawa ɗaya kan ɗaya. Lambobin kowace shimfiɗa suna iya zuwa a rubuce da waƙafi tsakaninsu, ko a base64, wato baiti da aka mayar haruffa, wani lokaci a matse da zlib, gzip ko zstd don rage girma.

Kafin ka canza ko harafi ɗaya, tanadi gwaji. Ɗauki ƙananan taswirori, ɗaya daga kowane irin tsari, ka loda su da tsohon kod, ka adana abin da ya fito. Martin Fowler, a littafinsa na 1999 kan wannan aiki, ya kafa sharaɗin a fili: tsarin ciki ne ke canzawa, abin da manhaja ke yi a waje yana nan yadda yake. Idan ka gano kuskure a hanya, rubuta shi a gefe, kada ka haɗa gyaransa da wannan aikin.

To, yanzu rabon aiki. Wanda ya san kasuwar Mile 12 ya san cewa masu sauke kwandunan tumatir daga mota daban, dillalai daban, masu kasawa daban. Haka za mu yi. Kashi na farko ya karanta fayil ya fitar da lambobi zalla. Na biyu ya gina taswira daga lambobin. Na uku ya ɗauko hotuna ya zana. Mai karanta fayil bai san katin hoto na kwamfuta ba, mai zane bai san XML ba.

Mu tsaya a kashi na biyu, don a nan aikin yake. Kowane gurbi a taswira lamba ce mai bit 32, ana ce mata GID. Sifili na nufin babu komai a gurbin. Kowane tarin tayil yana da firstgid, wato lambar da ya fara da ita. A ce tarin farko ya fara da 1 yana da tayil 64, na biyu ya fara da 65. Idan ka ga 70, na tari na biyu ne, 70 a cire 65 saura 5, kuma daga sifili ake fara ƙirga.

Amma ga inda mutane ke faɗawa. Bit huɗu na sama ba lambar tayil ba ne, alamomi ne: juyawa ta gefe, juyawa sama da ƙasa, juyawa a karkace, da na huɗu na taswira mai kusurwa shida. Tayil mai GID 5 da aka juya ta gefe zai fito maka a 2147483653. Nemi wannan a cikin tarinka ka ga yadda edita zai mutu nan take. A tsohon kod ɗin nan, lissafin share alamomin an kwafe shi a wuri uku, kuma ɗaya ya manta da juyawar karkace. Mu tattara shi a ƙaramin fanshin guda: a ba shi lamba, ya mayar da tari, lambar tayil da alamomi. Wannan mantuwar kuma ta shiga jerin da muka ajiye a gefe.

Abu biyu a gurguje. Hanyar fayil ɗin TSX, wanda ke ɗauke da bayanan tarin tayil, ana lissafa ta daga inda taswira take, ba daga inda aka kunna edita ba. Sannan a duba girma: taswira 100 sau 100 gurbi 10,000 ce, baiti 40,000 bayan an warware matsi. Mu da wuta ke ɗauke mana ana tsakiyar adana fayil, mun san rabin fayil ba baƙon abu ba ne. Idan lissafi bai cika ba, mai karanta fayil ya dawo da saƙo mai faɗin wace shimfiɗa ce ta gutsure.

Bayan kowane mataki, a kunna gwaji, a adana a Git, manhajar ajiye tarihin canje-canjen kod. Ga shi duka gwaje-gwajen sun yi kore, wato sun yi nasara. Mai karanta JSON yanzu fayil ɗaya ne sabo, mai gini da mai zane ba za a taɓa su ba, kuma shi za mu rubuta tare a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu.