Mita 50 Kacal: Yadda 'Yan Matan Malawi Ke Isa Ninƙayar Olamfik

Malawi ba ta da teku, amma tana da ɗaya daga cikin manyan tafkunan Afirka, wato Tafkin Malawi. Sai dai iyo a tafki daban, tseren ninƙaya daban. Duk da haka, tun daga 2008 ba a yi gasar Olamfik ba tare da 'yar Malawi ta faɗa ruwa ba. Zahra Pinto ta je Beijin a 2008, Joyce Tafatatha ta je Landan a 2012, Ammara Pinto ta je Riyo a 2016, Jessica Makwenda ta je Tokiyo, sannan Tayamika Chang'anamuno ta je Faris a 2024. Dukansu tsere ɗaya suka yi: mita 50, salon da ake kira firistayil, wanda ake yinsa rub-da-ciki ana wurga hannu ɗaya bayan ɗaya.

To yaya suke samun gurbi? Hanyar farko ita ce mutum ya cika lokacin da hukumar ninƙaya ta duniya, World Aquatics, ta gindaya. A gasar Faris, lokacin mata a wannan tsere sakan 24.70 ne, kuma ƙasashe ƙalilan ne ke da mai iya hakan. Saboda haka aka buɗe wata ƙofa: ƙasar da ba ta da wanda ya cika lokacin za ta iya tura namiji ɗaya da mace ɗaya, galibi bisa sharaɗin sun fafata a gasar duniya kafin nan. Ta wannan ƙofa ƙasashe irin Malawi ke shiga. Kada wani ya raina wannan gurbi, domin sai wadda ta fi kowa a ƙasarta ake ba shi.

Yanzu mu dubi tseren kansa da kyau. Kwamin gasa tsawonsa mita 50 ne, don haka tafiya ɗaya ce, babu juyawa. Ana hawa dakalin tashi, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, yatsu riƙe da bakin dakalin. Wadda ta tashi kafin ƙarar fara tsere ta fito, an kore ta, babu sake gwadawa. Ƙwararru kan bar dakalin cikin kusan kashi bakwai cikin goma na sakan.

Da an shiga ruwa, hannu a miƙe, kai a tsakanin damatsa, ana kaɗa ƙafafu biyu tare. Doka ta ce dole kai ya ɓullo kafin mita 15. A nan ake yawan asara: idan aka nutse da zurfi, lokaci ya tafi wajen haurowa, idan kuma aka fito da wuri, an zubar da gudun da tsallen ya bayar.

Sai numfashi. Duk juya kai don shaƙar iska yana karkata jiki ya rage gudu, shi ya sa manyan gwanaye kan yi numfashi sau ɗaya, wasu ma ba sa yi sam. A ƙarshe kuma akwai allon lantarki a jikin bango, sai an taɓa shi da ƙarfi agogo zai tsaya. Taɓawar sanyi-sanyi tana iya cin kashi kaɗan cikin ɗari na sakan, alhali 16 kawai ke wucewa zagaye na biyu, takwas kuma zuwa na ƙarshe.

Babbar matsala dai wurin atisaye ce. Wadda ta saba da kwami mai mita 25 takan samu bango a tsakiyar hanya, ta tokare shi da ƙafa ta ƙara gudu. Ranar da ta shiga mai mita 50, bangon nan babu shi. Wajen mita 35 sai hannu ya yi nauyi, bugun ya gajarce, ƙugu ya fara nutsewa. Maganinsa shi ne yawan atisaye a dogon kwami, da ɗaga ƙarfe don ƙarfin kafaɗa, da koci mai ɗaukar lokacin kowane zango, kuma duk waɗannan kuɗi suke ci.

Don a ga nisan tafiyar, Sarah Sjöström ta Suwidin ta kafa tarihin duniya da sakan 23.61 a birnin Fukuoka na Japan a 2023. 'Yar Malawi idan ta hau dakali, abin da take farauta shi ne ta karya lokacinta na baya da kuma tarihin ƙasarta.