Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Ayyuka Da Gidaje Yayin Ziyararsa Wurin Ginin Dogon Benen Ofisoshi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Ayyuka da Gidaje, ranka ya daɗe. Babban Sakatare da daraktocin da suka rufa masa baya. Wakilin Hakimi da Mai Unguwarmu, Allah ya ƙara girma. 'Yan uwana injiniyoyi, masu zanen gini, birkiloli, kafintoci, masu ɗaurin rodi da leburori.

A madadin duk wanda yake neman abincinsa a wannan fili, ni da aka ɗora wa kula da aikin ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Rahotonmu yana zuwa teburinka duk wata, da ka so da ka tsaya a kansa, amma ka zaɓi ka tako ƙurarmu da ƙafarka. Zuwa da kai ya fi aike. Mun gode.

Ranka ya daɗe, abin da kake gani ya kai rabin tsayin da aka zana, amma aikin da ya fi cin ranmu yana ƙarƙashin inda kake zaune. Mun daɗe muna huda ƙasa muna zaro samfurinta kafin a zuba ko kwano ɗaya na siminti, har maƙwabta suka fara cewa kuɗin aikin ne ya ƙare. Sai da gwaji ya nuna mana inda laka ta tsaya, inda ƙasa mai ƙarfi ta fara, da zurfin da ruwa yake kwanciya da damina, sannan aka yanke irin harsashin da zai ɗauki nauyin. Wancan ginin kankare da ya riga sauran tashi a tsakiya, shi ne ƙashin bayan benen. Lifta da matakala a cikinsa suke, shi ne kuma yake riƙe ginin idan iskar farkon damina ta buge shi daga gefe. Bene mai hawa biyu nauyi kawai yake fama da shi, amma dogo sai an yi masa lissafin iska.

Kankarenmu da dare muke zubawa. A zafin watan Afrilu, idan aka zuba da rana, ruwan jikinsa yana ƙafewa kafin ya kama, sai ya tsattsage. Saboda haka waɗannan samarin da ke tsaye a bayana sukan kwana a ƙarƙashin fitila, da asuba su lulluɓe dekin da buhunan algarara, su yi ta jiƙa shi kwana da kwanaki. Daga kowane zubi mukan cika 'yan ƙananan akwatuna, a matse wasu a inji bayan kwana 7, wasu bayan kwana 28, a ga ƙarfinsu. Akwai ranar da sakamakon wani zubi ya dawo bai kai ba. Ginshiƙan suna tsaye sumul, ido ba zai ga aibinsu ba. Muka sa aka farfasa su. Na ga wani dattijon mai ɗaurin rodi ya zauna a kan bulo yana kallon aikinsa na mako guda ana rushewa, bai ce uffan ba, washegari shi ya riga kowa zuwa. Duk wanda ya tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a unguwar Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka mutum sama da 40, ya san dalilin da ya sa ba mu yi jinkiri ba.

Kan zane kuwa, an yi ta ba mu shawarar mu lulluɓe ginin da gilashi daga sama har ƙasa, wai shi ne yayi. Masu zanenmu suka ƙi, ni ma ina bayansu. Gilashin da ya fuskanci yamma a garin nan tanda ne, kuma kowane zafi da ya shiga sai an sayi man dizal an fitar da shi da na'urar sanyaya ɗaki. Shi ya sa za ka ga tagogin gabas da yamma ƙanana ne, kowace da rumfarta, manyan kuma suna kudu da arewa. Ba sabon ilmi ba ne. Maginanmu na da, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, da kaurin bango da ƙaramar taga suke korar rana. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, da ƙasa da itace aka ɗaga ta, tana nan tsaye.

Yanzu sai kokenmu, ranka ya daɗe, kuma kan gobara ne. Cocoa House na Ibadan, wanda aka gina da kuɗin koko aka kammala a 1965, hawa 26 ne, ƙasar nan ta yi alfahari da shi. Wuta ta kama shi a watan Janairun 1985, ya yi shekaru a rufe kafin a gyara. Ginin NET na Legas, wanda yanzu ake kira NECOM House, mai hawa 32, shi ma ya sha tasa gobarar a 1983. Mu a nan mun yi matakala biyu nesa da juna, mun sa ƙofofin da ke tare hayaƙi, da tankin ruwa da famfunan da ba su dogara da wutar gari ba. Amma tsanin motar kashe gobara ba ya kai saman irin wannan gini. Daga ciki ake yaƙar wutar, kuma sai wanda ya san lungunansa. Muna roƙon ka sa baki 'yan kwana-kwana su riƙa zuwa tun yanzu, su hau su sauka, su gwada bakin famfunanmu da tiyonsu, a kuma sama musu kayan shaƙar iska. Muna kuma roƙon masu duba gini na ma'aikatarka su riƙa faɗo mana ba sanarwa, mu da duk wani mai ɗaga bene a jihar nan.

Ga hular kwano da rigar aiki an tanadar maka da 'yan rakiyarka. Za mu fara da ɗakin gwajin kankare, sannan mu hau dekin da aka zuba shekaranjiya, inda ma'aikatan dare suka ce ba za su tafi gida ba sai sun gaishe ka. Allah ya tsare mu da su, ya sa a gama lafiya, ya mai da kai gida lafiya.

Bismillah, ranka ya daɗe.