Yadda ake tanƙwara waƙa ta dace da rawa a gasar talabijin

Ku tafa tare da ni. Ɗaya, biyu, uku. Ɗaya, biyu, uku. Wannan shi ne tafiyar waltz, wata rawar Turawa. To yanzu ku tuno waƙoƙin zamani da gidajen rediyon Ingila da Amurka ke sakawa, ku tafa musu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Galibinsu hurhuɗu suke tafiya. A nan ciwon kan masu shirya gasar rawa ta talabijin yake farawa.

BBC ta fara Strictly Come Dancing a 2004, Amurka ta ɗauki salon a 2005 da sunan Dancing with the Stars. Ana haɗa wani sananne, ɗan wasa ko mai karanta labarai, da ƙwararren mai rawa. Su yi mako guda suna koyo, su fito su taka na kimanin minti ɗaya da rabi. Alƙalai su ba da maki, jama'a a gida su kaɗa ƙuri'a.

Amma kafin talabijin ta shigo, wannan rawa tana da dokokinta. Iri goma ake takawa a gasar ƙwararru: biyar waɗanda namiji da mace ke riƙe da juna, biyar kuma na Latin, wato masu salon rawar ƙasashen Latin Amurka. Kowace da gudun da aka yanka mata. Waltz bugu 84 zuwa 90 a minti. Rumba 100 zuwa 108. Jive 168 zuwa 176. Quickstep kuwa ta kai 200, har ta ɗan wuce. Tun 1935 wani Bature, Victor Silvester, wanda shi kansa zakaran rawa ne, ya kafa ƙungiyar makaɗa don kawai masu rawa su samu kiɗan da ba ya sauri ba ya sanyi. A irin gasar rawa ta garin Blackpool a Ingila, wadda aka fara a 1920, ma'aurata rututu ke shiga fili lokaci guda, kuma ba su san waƙar da za a sa ba. Gudun kawai suka sani, shi ya ishe su.

Talabijin ta juya abin. Ita mai kallo take nema, wanda ke zaune a falo da waya a hannu. Shi kuwa waƙar da ya sani yake so ya ji. Saboda haka sai a ɗauko waƙar da ta yi tashe, a miƙa wa makaɗa, a ce su san yadda za su yi da ita.

A Strictly, Dave Arch ne ke jagorantar makaɗan tun 2006, kuma kai tsaye suke kaɗawa a zauren, da mawaƙansu. Ku dubi aikin da ke gabansu. Waƙar minti huɗu za a datse ta koma minti ɗaya da rabi. A bar amshin da kowa ya haddace, a zubar da sauran. Waƙar da a faifai take sulalewa a hankali har ta ɓace, dole a ƙera mata ƙarshe mai ƙarfi, domin masu rawa su samu inda za su tsaya cak. A ƙara gudu ko a rage. Idan samba ce, a cusa mata ganguna irin na Burazil. Idan waltz ce, a warware hurhuɗun nan a sake ɗinka ta uku-uku, kuma mawaƙi ya ja kalmomin yadda ba za su yi tuntuɓe ba.

Wani lokaci abin yana yin kyau ƙwarai. Wani lokaci kuma, gaskiya, kunne yana ƙi.

Ku ɗauki rumba. Ba a bugu na ɗaya ake jefa ƙafa ba, a na biyu ne. Biyu, uku, huɗu, sai a riƙe na ɗaya ƙugu ya gama juyawa. Idan aka kawo waƙar soyayya mai taushi wadda ba ganga a ƙarƙashinta, ƙwararre zai ƙirga a zuci ya wuce. Ɗan koyo kuwa sai ya bi muryar mawaƙi, ya taka a na ɗaya, alƙali ya ce ya saɓa wa kiɗa. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma a nan ba a yarda rawar ta sauya ba.

Paso doble ta fi kowace shan wahala. Rawa ce ta filin wasa da bijimi a Sifaniya: namiji shi ne mai tunkarar bijimin, mace ita ce mayafin da yake kaɗawa. A gasar ƙwararru kusan kullum kiɗa ɗaya ake sawa, España Cañí, domin yana da wurare sanannu da yake tashi ya buga da ƙarfi, a nan masu rawa ke ƙamewa. A talabijin sai a musanya shi da waƙar rock ko kiɗan fim. Zafin yana nan, amma waɗancan wuraren tsayawar sai mai tsara rawa da makaɗa sun zauna sun ƙirƙiro su.

Ni a ganina, a nan rashin adalcin yake. Mutum biyu za su yi jive a mako ɗaya, ɗaya a ba shi kiɗan da dama don jive aka yi shi, ɗayan a ba shi waƙar da aka ja da ƙarfin tsiya. Alƙalai kuwa ƙafa suke kallo, kuma allon maki ɗaya ne ake ɗaga wa duka biyun.