Kaza Biyar Ba Gona Ba Ce, Amma Ɗari Biyar Fa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Tun daga ranar 1 ga watan Oktoban 2024, duk mai kiwon kaza a Ingila, ko da guda ɗaya ce tak a bayan ɗakinsa, wajibi ne ya yi rajista da hukuma, ya ba da sunansa da adireshinsa da irin tsuntsayen da yake da su da yawansu. Kafin wannan rana sai mai hamsin zuwa sama dokar ke hawa kansa. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne murar tsuntsaye: in ta ɓulla a wani yanki, a san gidajen da za a aika wa gargaɗi, a kuma san inda likitan dabbobi zai leƙa.

Na san wani na can yana dariya, yana cewa mu da ba mu gama yi wa 'ya'yanmu takardar haihuwa ba, ina mu ina rajistar kaza. Da gaskiyarsa. Amma a ɗan saurara, domin maganar ta fi kusa da ƙofar gidanmu fiye da yadda muke zato.

A Amurka kowane gari da tasa dokar. Birnin New York ya yarda ka ajiye kaji mata, amma ya haramta zakara, haka ma agwagi da talo-talo, kuma in wari ko ƙudaje suka dami maƙwabta za a ci ka tara. Birnin Seattle ya ce guda takwas, ban da zakara, sannan akurkin ya yi nisan ƙafa goma, wato kamar mita uku, daga gidan maƙwabci. Su dai ƙwai suke so, kaza kuwa tana yin ƙwai ko babu zakara, ƙyanƙyasa ce kawai ba za a samu ba. A Faransa har kotu aka kai wani zakara mai suna Maurice a tsibirin Oléron, maƙwabta suka ce cararsa ta asuba ta hana su barci. A 2019 kotu ta ba zakara gaskiya, a 2021 kuma majalisar ƙasar ta yi dokar kare sautuka da ƙamshi da warin karkara. Zakaran da Allah ya nufa da cara ke nan.

To mu a nan, carar zakara ba ta cikin damuwarmu. Wanda ladan ke tasa da asuba ba zai kai ƙarar zakara ba. Haka nan kaji biyar ko goma na uwar gida, masu tsince-tsince a tsakar gida su shige akurki da magariba, ban ga abin da ya haɗa su da hukuma ba. Su ne asusun mace: yaro ya kwanta rashin lafiya a kama ɗaya a kai kasuwa, baƙo ya sauka a yanka ɗaya. Duk dokar da za ta taɓa wannan, zalunci ce, kuma ba wanda zai bi ta.

Abin da ya sauya shi ne irin kajin da yawansu. Tsadar rayuwa ta sa kiwon kajin gidan gona ya shigo tsakiyar gari. Ma'aikaci ya karɓi bashi, ɗan fansho ya karɓi kuɗin sallama, matar aure ta kwashi adashi, sai a sayo 'yan tsaki ɗari biyu, ɗari uku, har ɗari biyar, a zuba su a garejin mota, ko a ɗakin da ba a gama gininsa ba, ko a wani keji da aka jingina da katangar maƙwabci. Na nama a cikin mako shida zuwa takwas sun isa sayarwa, ana auna su da Sallah ko Kirsimeti. Masu ƙwai kuwa sai su shekara da rabi suna nan. Sana'a ce ta halak, ta rufa wa gidaje da yawa asiri, ba ni da ja a kan wannan.

Amma a tambayi wanda tagar ɗakinsa ke kallon wannan keji. Kaji ɗari uku kullum suna kashi, kashin yana haɗuwa da dusar katako da ruwan shan da ya zube. In aka yi sakaci da kwashewa, musamman da damina, wani wari ke tashi mai yaji a ido da maƙogwaro, ga ƙudaje a kan tuwon yara, ga ɓeraye da suka biyo abincin kaji suka zarce ɗakin girkin maƙwabta. Ruwan wanke keji a sake shi a kwata, ya bi lungu ya wuce ta gefen rijiyar wani. Wadda ta mutu cikin dare a wurga ta bola, karnuka da yara su yi ta ja. A gidan haya abin ya fi muni, domin tsakar gida ɗaya ce, igiyar shanya ɗaya ce. Maƙwabci ya yi shiru don kunya, shirun ya zama gaba, wata rana a ji su a ofishin 'yan sanda a kan abin da mai unguwa zai iya kashewa a zaure.

Sai kuma batun da ya fi wari haɗari. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare an same ta a Kano da Filato, ta kuma tsallaka zuwa Magaria a jihar Damagaram ta Nijar. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Ta sake dawowa a 2015, Kano na cikin wuraren da ta fara bayyana. A karon farko diyyar da gwamnati ta sa naira 250 ce a kan kowace kaza, ƙasa da kuɗinta a kasuwa. Me mai kaji zai yi? Da ya ga sun fara faɗuwa sai ya kira dillali ya sayar da sauran da araha kafin ma'aikata su ji labari, cutar ta hau mota ta tafi wani gari. Wannan ɗabi'a har yau ba ta bar mu ba.

Kada kuma wani kwamishina ya ji wannan ya ce mafita ita ce a hana kiwon kaji a cikin gari baki ɗaya. Masar ta gwada haka a 2006, ta hana kiwo a saman benaye da cikin gidajen birane. Mutane ba su daina ba, ɓoyewa suka yi, wasu har cikin ɗakunan kwana. Cutar ta samu gindin zama, Masar ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan mutanen da H5N1 ta kama, da yawansu mata da yara, su da ke ba kajin abinci suna fige su.

Wa ke da alhakin tsara wannan a wurinmu? Ba sai an je Abuja ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa tsaftar gari da kwashe shara da sa ido a kan dabbobin da ake ajiyewa a gida a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna su ke da ta cewa a kan wane fili ne na zama, wane ne na sana'a. Ga kuma duba-gari, waɗanda dattawa ke ba da labarin yadda a da in an ce suna tafe mata ke rige-rigen wanke randa. Kayan aikin duk suna nan. Ƙa'ida ce babu, wadda mai kiwo zai sani, maƙwabcinsa ma ya sani.

A ganina kansiloli su zauna da masu unguwanni da likitocin dabbobi da ƙungiyar masu kiwon kaji su ja layi. Ƙasa da wani adadi, a ce ashirin ko talatin, kiwon gida ne, ba takarda ba haraji. Sama da haka sana'a ce: a sanar da mai unguwa, duba-gari ya zo ya ga wurin, keji ya bar jikin katangar maƙwabci da bakin rijiya, in gidan haya ne sai da yardar mai gida da sauran 'yan haya. Akwai kuma adadin da in an kai shi, gaskiya sai dai a nemi fili a bayan gari. Kashin kaji ma ba abin zubarwa ba ne, masu lambu na sayensa buhu-buhu, don haka wajabta kwashe shi a kan lokaci ba asara ba ce ga kowa. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone ta.

Tsorona ɗaya ne, kuma kun san shi: kada rajista ta rikiɗe ta zama wata sabuwar hanyar yankar rasit. Ranar da aka ce kawo dubu biyar kafin a rubuta sunanka, ranar kowa zai rantse ba shi da ko tsako. Wanda ya ba da sunansa ya kamata ya ga amfanin hakan. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar rigakafin cutar Newcastle, wadda ke share kajin gida duk hunturu, har da irin da ke jure zafi a ɗiga wa kaza a ido. A kawo ta unguwa da rahusa ga waɗanda ke cikin littafin mai unguwa. A ba su lambar likitan da za su kira in kaji suka fara mutuwa rututu. In kuma ta kama a hallaka kajin mutum, a biya shi kuɗin da zai samu a kasuwa, a biya shi kafin ya fara zaryar ofis.

Ku kuma masu kiwo, kafin kansila ya farka, malamanmu sun daɗe da karantar da mu cewa ba cuta ba cutarwa. Kafin ka yi odar 'yan tsakin Sallah mai zuwa, zagaya bayan katangarka da tsakar rana ka tsaya inda maƙwabcinka ke shimfiɗa tabarma, sannan ka yanke shawarar guda nawa za ka sayo.