Shatar jirgin kamun kifi a teku: me kuɗinka ke saya?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Akwai wani hoto da na san kun sha ganin irinsa a Facebook: mutum ya tafi hutu Zanzibar ko Mombasa, ga shi tsaye a kan jirgin ruwa ya rungumi kifin da ya kusa kai shi tsawo, yana washe baki. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne ƙarfe nawa ya tashi, nawa ya biya, da kuma sau nawa ya leƙa gefen jirgi ya yi amai.

Mu a Kano ruwan da muka saba da shi bai wuce Tiga, Bagauda, Challawa da kogin Wudil ba, kifinmu kuma tarwaɗa, karfasa da giwan ruwa. Kafin Bakano ya ga teku sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas. Don haka bari mu fara da abin da muka sani, wato shata. Yadda za ka je tasha ka ɗauki shatar mota, haka ake ɗaukar shatar jirgin kamun kifi. Ka biya, a ba ka jirgi da matuƙinsa, da yaransa ɗaya ko biyu, da mai, da sandunan fatsa. Rabin yini awa 4 ne zuwa 5, cikakken yini kuma wajen awa 8. A wuraren 'yan yawon buɗe ido da dala ake ciniki, kuma jirgi mai kyau ɗaruruwan daloli ake magana, shi ya sa abokai ke haɗa kuɗi su huɗu ko biyar.

Amma a riƙe wannan: kifi ba ya cikin cinikin. Kuɗinka mai ya saya, da lokaci, da sanin da ke kan matuƙi. Za a iya yini cur a dawo hannu rabbana, kuma ba wanda zai maido maka ko sisi.

To me ke cin man? Nisa. Manyan kifayen ba sa zama a bakin gaɓa inda ruwa yake kore-kore. Sai an nausa inda ya koma shuɗi kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata. Abin da ya ɗaga sunan gabashin Afirka ke nan: tsakanin tsibirin Pemba da gaɓar Tanzaniya akwai mashigi mai zurfin gaske, kuma ba shi da nisa da tudu. Daga Nungwi da ke arewacin Zanzibar, ko Shimoni, Watamu da Malindi a Kenya, jirage ke fita da sanyin safiya.

Idan an isa, kada ka zaci za a tsaya a soka tana a ƙugiya a zauna jira kamar a bakin dam. Jirgin ba ya tsayawa. Yana tafiya a hankali, kamar kilomita 12 zuwa 15 a awa, yana jan igiyoyi huɗu ko shida a bayansa, kowace da kifin roba mai ƙyalli ko ƙaramin kifi na gaske da aka ɗinke a jikin ƙugiya. Dogayen sandunan nan biyu da ke buɗe a gefen jirgin kamar fukafukai, aikinsu raba igiyoyin don kada su sarƙe. Shi kuwa matuƙi idonsa na sama. Tsuntsaye yake nema. Inda suka taru suna faɗawa ruwa, ƙananan kifaye ne suka taso, kuma ba abin da ya koro su sama sai manyan da ke farautarsu daga ƙasa. Wannan karatun ruwan shi ne ainihin abin da ka biya, kamar yadda Sarkin Ruwa a Argungu ya san gurbin da baƙo zai wuce bai gani ba.

Sai ka ji na'urar naɗe igiya ta ɗauki ƙara. Kifi ya kama, ya zura da gudu. A nan baƙo ke yin kuskure, ya ce zai nuna ƙarfi. Na'urar tana da birki da aka saita don ta riƙa sakin igiya idan ja ya yi yawa, in ba haka ba ta tsinke. Aikinka ka ɗaga sanda a hankali, ka sauke kana naɗewa, ka sake, har kifin ya gaji. Kifin da ake kira tuna, mai matsakaicin girma za ta iya cin minti 20. Malin, wato mai dogon baki kamar mashi, yakan kai awa ɗaya ko fiye, kana ɗaure a kujera. Don ku gane girman abin: kifin da ya ci gasar Argungu a 2005 kilo 75 ne, sai da ƙarti huɗu suka ɗora shi a sikeli. Shuɗin malin da aka kama a gaɓar Barazil a 1992 kuwa kilo 636 ne.

Irin waɗannan masu dogon baki, yawancin jirage yanzu ba sa kashe su. A jawo shi gefen jirgi, a maƙala masa lamba, a ɗau hoto, a sake shi. Kifayen da ake kamawa don ci su ne tuna, dorado da wahu. Kuma ko su, ka tambaya tun a tudu na wa ne, don a wurare da yawa kifin na masu jirgi ne, kai sai dai a yanko maka na abincin dare.

Lokaci ma abin dubawa ne. A gaɓar Kenya da Tanzaniya iska biyu ke mulki. Kaskazi, daga wajen Disamba zuwa Maris, lokacin da mu muke fama da hunturu, ita ce kakar malin. Kusi kuma, daga wajen Afrilu zuwa Satumba, tana tayar da teku, ga ruwan sama mai yawa a Afrilu da Mayu. Wanda ya fi son kusa da gida, tsibiran Kef Bade (Cape Verde) suna cikin ECOWAS, kuma sun yi suna a kamun shuɗin malin.

Sai maganar jiri. Idonka na ganin jirgi a tsaye, cikin kunnenka na jin ana jijjiga ka, ƙwaƙwalwa ta rikice, ciki ya juya. Ba ragwanta ba ce, yana kama ƙato yana kama siriri. Maganin tashin zuciya na tafiya ana shan sa kamar awa ɗaya kafin a hau, ka tuntuɓi likita ko mai kemis tun daga Kano. Kada ka cika ciki da maiƙo da safe, kada ka duƙufa kan waya, ka riƙa kallon can inda sama ta haɗu da ruwa.

Sallah ba matsala. Ruwan teku yana alwala, hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Kamfas na gaban matuƙi, zai nuna maka alƙibla. Ka dai gaya musu tun farko kada a sa giya a kular sanyi, don wasu da ita suke tarbar baƙi.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, musamman ga yaran da ke tare mutane a bakin teku, waɗanda yawancinsu 'yan kamasho ne, ka ce a kai ka ka ga jirgin da idonka. Akwai rigar hana nutsewa ta kowa da kowa, har yara? Akwai rediyon kiran agaji? Inji ɗaya ne ko biyu? In iska ta hana fita, za a maido kuɗi ko a sauya rana? Ka kuma ware tukuicin yaran jirgi, su ne ke ɗaure ƙugiya, su ne ke wanke jini.

In an dawo da kifi, yawancin masaukai za su gasa maka shi. Amma in babbar barakuda ce, wato wani dogon kifi mai kaifin haƙora, aka kamo kusa da duwatsun murjani, ka tambayi mutanen wurin kafin ka kai baki. Wani lokaci tana ɗauke da guba mai suna sigwatera, wadda ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, kuma wuta ba ta kashe ta. Tuna ce ta ci gashi, in ka tafi da ƙullin yajinka daga gida ka barbaɗa.